Wa Ya Kai Bafulatani Kasuwar Zarto?

Ardo, gaisuwa mai yawa daga ubangidanka. Yaya shanu? Na san za ka ce rabonka da saniya tun ranar da ka shiga aikin gwamnati, amma Bafulatani ba ya faɗin yawan dukiyarsa ko a gaban alƙali, saboda haka a shafa mini kansu.

Labari ya iske ni, kuma ba daga baki ɗaya ba, cewa tun da ka yi ritaya ka kori awakin Hajiya daga rumfar bayan gida, ka zuba daɓen siminti, ka kafa benci, ka ce kai yanzu kafinta ne. Ban gaskata ba sai da hotunan injuna suka fara faɗowa wayata ta WhatsApp da tsakar dare, kowanne da tambaya guda a ƙarƙashinsa: wannan fa? Ikon Allah sai kallo. Mutumin da fulako ba ya barinsa ya ci ƙosai a bakin titin Hammaruwa, mutumin da har yau bakinsa bai taɓa furta sunan ɗan farinsa ba, shi ne ya ajiye kunya yake roƙon Babarbare ilimin zarto. Ga Mumuye nan kewaye da kai, mutanen da sassaƙarsu ta kai gidajen tarihi na Faransa da Amurka, ba ka je wurinsu ba, ka san inda iyayen gidanka suke. To madalla. Amsar kuwa a jarida zan ba ka, don 'yan'uwanka na ƙasar Muri gaba ɗaya su ƙaru.

Mai karatu, abin da Ardo ke nema shi ne injin da 'yan katako ke kira banso. Wili biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an ɗaura musu siririn ruwan zarto wanda aka haɗe bakinsa biyu da walda, yana ta zagayawa, haƙoransa na gangarowa ta wata 'yar kafa a tsakiyar tebur. Kai dai tura katako kake yi. Ya fi sakula, wato zarton faifai da ake tsaga katako da shi a kasuwa, ta wajen yankan lanƙwasa: ƙafar kujera, kan gado, mariƙin allo. Yana iya karɓar katako mai kauri a tsaye a kan gefensa ya fere shi falle-falle. Da yake kuma haƙoransa ƙasa suke danna katako, ba ya harbo shi cikin mutum yadda sakula ke yi in ta fusata. Wannan ne ya sa ban hana ka ba, don in katako ya harbi Bafulatani a ciki, babu abin da zai tare shi sai ƙashin baya.

Bari in ɗan ba ka tarihi, kada ka ce wayar ɗanka ta fi ni sani. A 1809, shekara guda bayan mutanenku sun kutsa Birnin Ngazargamu, daidai lokacin da Shehu Laminu ke nuna musu hanyar gida, wani Bature a Ingila mai suna William Newberry ya yi rajistar wannan dabara. Inji ya tsaya, wili na juyawa, amma kusan shekara 40 ba wanda ya ci moriyarsa, domin duk inda aka haɗe ruwan zarton, nan yake tsinkewa. Sai a 1846 wata mata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta gano yadda za a haɗa bakin ya riƙe, kamfanin Perin na birnin Paris ya sayi dabararta, sannan banso ya shiga duniya. Tun ran gini ke nan matsalar a ruwan zarto take. Kai kuwa duk hotunan nan da ka turo, babu ɗaya da ka tambaye ni wane ruwa yake ɗauka, nawa ne tsawonsa, ina ake samunsa. Fenti kake kallo da tsayi. Abin ya ba ni mamaki, domin na sha ganinka a kasuwar shanu ta Iware: ba ƙaho kake fara dubawa ba, ba tozo ba, bakin sa kake buɗewa ka ƙirga haƙora. Ilimi ɗaya tak da ka gada mai amfani a wannan sana'a, shi kuma ka baro a gida.

Hoton farko, wancan fari mai sheƙi da ka ce ya burge ka don ba ya tsatsa, na mahauta ne, Ardo. Da shi ake datsa ƙafar sa da daskararren kifi a shagunan sanyi. Jini ne ya ja ka. Mu wuce, kada shanu su ji.

Na biyu shi ne ƙaton da ka ɗauko hotonsa a wani somil a hanyar Bali. Banso ne na kwance, irin wanda ake kira CD. Akwai CD4, akwai CD5, akwai CD6, su suka cika masana'antun tsaga gungume na ƙasar nan, musamman a kudu. Gungume ake kwantarwa a ɗaure, inji ya bi ta kansa a kan dogo yana fere shi. Yana son wuta mai layi uku, da tushen kankare, da majiya ƙarfi masu mirgina gungume. Rumfar awakin Hajiya ko dogonsa ba za ta ɗauka ba, in kuma ka tayar da shi a cikin unguwa, kafin azahar Jauro ya aiko a kira ka.

Na uku ɗan mitsitsi ne mai inci 9, wanda ake ɗorawa a kan benci. Girman banso da faɗin wilinsa ake auna shi, ka riƙe wannan. Mai inci 9 da ƙyar yake cin kaurin inci uku da rabi, motonsa bai kai rabin doki ba. In motar wasa za ka yanka wa jikoki da falawud, ya isa. Ka sa masa ƙirya, kuka zai yi ya tsaya. Na san abin da ya ja ka wurinsa, ba a raba Bafulatani da ƙulle bakin aljihu, araha kuwa ba ta ado.

Sai waɗanda ɗanka na jami'a ya nuna maka a YouTube, Laguna 14|12 da Rikon 10-326. A nan kam gaskiya ɗaya ce, injuna ne na gaske. Inci 14, gangar jiki ta ƙarfen da aka lanƙwasa aka yi wa walda, moto mai ƙarfin doki ɗaya da kashi uku cikin huɗu, suna fere katako mai tsayin inci 12 zuwa 13 a tsaye. Tunda magana ta zo kan dawaki sai ka yi shiru ka saurara, nan fagen Barno ne. Doki ɗaya a lissafin injiniyoyi wat 746 ne. Amma Baturen da ka gani yana murmushi a bidiyon, a garejinsa na Amurka yake, inda wutar gida bolt 120 ce, tana bugawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, bugu 50. Bolt ana gyara shi, ko da taransifoma ko a sauya haɗin wayoyin moto in an yi shi da hanya biyu. Bugun ne ba ya gyaruwa da sauƙi. Moton da aka naɗa don 60, in ka ba shi 50, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa ɗaukar zafi, ga ranar Jalingo ta watan Maris a kan kwano. Ba za a daɗe ba za a gan ka a Keke Napep, ka rungume moto a cinya, ana neman shagon mai riwayin. Kafin ka kalli fenti, ka zagaya baya ka karanta ɗan farantin da ke manne a jikin moto. In ba ka ga 230V da 50Hz ba, ka yi musu sai an jima. Kamfanoni da dama suna yin na kasuwar Turai, wanda ya dace da wutarmu. Shi za ka nema, ba wanda wani zai cuso maka a kwantena daga gwanjon Amurka ba.

Duk wannan in akwai wutar ke nan. Da na taɓa maka maganar bayan sallar Juma'a, ka ce ai Mambilla na nan tafe. Ardo, tun kana saurayi mai kitso da kwalli ake maganar madatsar Mambilla. A 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar dala biliyan 5.79 don megawat 3,050, har yau ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. Ƙanwarta ta Kashimbila mai megawat 40 ce dai aka gama. Saboda haka da janareta za ka yi lissafi, da fetur ɗin da ya tashi tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi. Moto kuwa a lokacin tashi yakan zuƙi wuta ninki uku zuwa shida na abin da yake ci in ya kama gudu. 'Yar Tiger ɗinka ta fanka da cajin waya, ka jona mata banso, tari ɗaya za ta yi ta mutu. Moto mai doki ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana son janareta daga kVA 3 zuwa sama. Ranar da aka kawo wuta rabi-rabi kuma, ka ga ƙwai ya yi ja, kada ka taɓa makunni, don ƙarancin wuta ya fi ɗaukewarta ƙona koyil.

Ga hukuncina, ba kuma ɗaukaka ƙara. Ka nemi mai inci 12 zuwa 14, mai wuta layi ɗaya. A ajin inci 12 akwai irin su Makita LB1200F da Metabo BAS 318, masu wat 900, suna cin kaurin santimita 16 zuwa 17, ruwansu milimita 2,240 ne. A ajin inci 14 akwai tsohon fasalin Delta na ƙarfen zubi, wanda ya fito tun shekarun 1930, masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta kwaikwayonsa da sunaye barkatai. Ruwansa inci 93 da rabi ne, yana cin kaurin inci 6. Tsohon yayi ne, amma ba shi da wani asiri, duk makaniken da ya buɗe shi ya gane shi, boris ɗinsa kuma na gama-gari ne. Za a ce maka akwai wani ƙarfe da ake sa masa a wuya ya ƙara tsayi ya ci inci 12, ruwan ya koma inci 105. Ka bar shi. Doki ɗaya ba ya jan inci 12 na maɗaci, sai dai ku kwana kuna turawa.

In na hannu za ka saya, ɗan Belgium, ka tafi da kafinta na gaske, ba ɗan'uwanka ba. A buɗe murfin sama da na ƙasa, a juya wili da hannu a ga ko yana rangaji. A duba robar da ke bakin wilin, in ta tsattsage kuɗi ya ragu. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tebur a ga ko haske na wucewa ta ƙasa. A leƙa ƙarƙashin tebur, wurin da yake karkata, nan ne ke karyewa in 'yan dako sun ɗaga inji ta tebur, kuma za su ɗaga ta nan in ba ka tsaya a kansu ba. Ko Kano ka nufa, ko Anacha, ko Legas, ka tuna Jalingo ba kusa ba ce. Ranar da ruwa ya tsinke ba za ka aiki yaro bakin kasuwa ya kawo wani ba.

A ruwan zarton ya kamata kuɗinka ya tafi. Wanda ke zuwa a jikin sabon inji galibi na gwaji ne, kada ka yanke wa inji hukunci da shi. Ka fara da faɗi. Siririn ruwa shi ke shan kwana, mai faɗi shi ke miƙewa. Mai kwatan inci zai zagaya da'irar da faɗinta bai wuce inci ɗaya da kwata ba, mai rabin inci sai da'irar inci 5, mai kashi uku cikin huɗu sai ta kai wajen inci 11. In ka tilasta wa mai faɗi kwanar da ta fi ƙarfinsa, bayansa zai goga, ya yi zafi, ya murɗe, ya tsinke da ƙarar da za ta sa ka tsallake katanga ba takalmi. Na san halinka, za ka ce a ba ka mafi faɗi don ya fi cika ido. Injin zubi mai inci 14 ba ya iya ɗaure ruwan da ya wuce rabin inci yadda ya kamata. Ka sa masa babba, sifirin ɗinsa ya gaza, ruwa ya yi sako-sako ya riƙa yawo cikin katako, ka shiga da layi miƙaƙƙe ka fito da baka.

Sai haƙora. Ana ƙirga su ne a kowane inci: mai 3, mai 4, mai 6, mai 10, mai 14. Hankalin baƙo yakan ba shi cewa mai haƙora da yawa ya fi ci, alhali a katako mai kauri akasin haka ne. Ba haƙori kaɗai ke aiki ba, har da giɓin da ke gabansa, domin a cikinsa garin katako ke taruwa har ya fito ta ƙasan tebur. Ɗauki katako mai kaurin inci 6. Kowane haƙori sai ya ratsa inci shidan nan yana kankara kafin ya samu ya zubar da kayansa. In giɓin ƙarami ne, tun bai yi nisa ba ya cika, sauran tafiyar guga ce kawai, sai hayaƙi da baƙin tabo da ƙauri, Hajiya ta fito da gudu ta ɗauka tuwonta ne ya kama. Don haka mai kauri a ba shi mai haƙori 3, masu ɗan ƙugiya a baki. Siririn katako da falawud su ke son mai 10 ko 14, domin ƙa'idar ita ce kada haƙoran da ke cikin katako a lokaci guda su gaza uku. In sun gaza sai su riƙa fizga suna ɓalle baki. Kai dai ka riƙe biyu: rabin inci mai haƙori 3 don tsaga da fira, kwatan inci mai haƙori 6 don kwana da aikin yau da kullum. Kowanne ka sayi fiye da ɗaya.

Ƙarfen ruwan ma iri-iri ne. Akwai baƙin ƙarfe na gama-gari, mai araha, wanda ya ishi malaina da obeche da sauran katako mai taushi. Akwai mai ƙarfe biyu, jiki mai lanƙwasuwa, bakin haƙora na ƙarfe mai jure zafi. Ya fi tsada, amma ya fi daɗewa ninki-ninki. Akwai mai kan kabaid, wanda kuɗin guda kan sayi na gama-gari kusan goma, ƙusa ɗaya kuma da ta ɓuya a tsohon katako ta isa ta zubar masa da haƙora. Mai tsintar tsofaffin ƙofofin maƙwabta irinka, kabaid ba nasa ba ne. Ka sani bidiyon Turawan nan a kan itatuwan ƙasarsu aka yi shi, namu daban ne. Loko yakan ɓoye tsakuwar farar ƙasa a cikinsa. Tik yana da yashi-yashi a jiki mai cinye kaifi. Maɗaci zarensa a sarƙe yake. Kawo da ƙirya kuwa, tambayi masu sassaƙa turmi sau nawa suke wasa gizago kafin su gama ɗaya. Ɗanyen maje yana zubar da ƙaro ya liƙe haƙora, sai an bi da kananzir da buroshi. Wanda zai yi hulɗa da waɗannan, mai ƙarfe biyu ne abokinsa.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata ka fara nema tun kafin inji, shi ne likitan zarto. Kowane somil na kirki yana da shi, a wata 'yar rumfa ta gefe, ruwan zarto rataye a bango zobe-zobe. Na tsaya na kalli wani yana haɗa siririn ruwa da ya tsinke. Ya goge bakin biyu da magagari kowanne ya yi gangare, ya haɗa su a bais, bayansu a jere da wani miƙaƙƙen ƙarfe, ya shafa farin gari, ya sa ɗan ɓallin azurfar walda a tsakani, ya haska wuta har wurin ya yi ja, abin ya narke ya bi tsagar. Da ya huce ya bi da magagari sama da ƙasa, ya rufe ido ya shafa da ɗan yatsa; in yatsa ya ji tudu, inji ma zai ji, zai riƙa ƙwas-ƙwas duk zagaye har ya sake tsinkewa a nan. Sana'ar da matar nan ta Faransa ta buɗe ke nan, tana nan a rumfar langa-langa. In ka samu irinsa, sai ka sayi ruwa a naɗe, dogo, ya riƙa yanka maka daidai tsawon injinka. Ka gaishe shi da girmamawa, ka kai masa man shanu, kada ka tsaya taya shi ciniki irin na Iware.

Ɗaura ruwan ma karatu ne. Ka zare filogi tukuna, ba kashe makunni kaɗai ba. Ruwa yana zuwa a naɗe gida uku, in ka kwance shi da garaje zai buɗe ya mare ka. Jefa shi a kan ciyawa ya buɗe da kansa. Ka tabbata haƙora ƙasa suke kallo, don yana iya juyewa ciki ya koma waje, ka wuni kana turawa kana zagin kamfani. Ka ɗaure shi har in ka danna da yatsa daga gefe bai kauce fiye da kwatan inci ba. Ka juya wili da hannu kana murɗa kunnen baya har ruwa ya zauna a tsakiyar roba. Masu riƙe shi a gefe su matso har tazarar ta zama kaurin takardar kuɗi guda, a bayan haƙora, ba a kansu ba. Boris na baya kuma ya kusa taɓawa amma kada ya taɓa sai an fara yanka. In ka tashi aiki da yamma ka sassauta shi. Da damina ka shafa wa tebur kakin zuma, in ba haka ba kafin Agusta ya yi ja.

Yanzu maganar da ba wasa a cikinta, kai kuma ka jawo ta. Ka ce burinka ka ƙera teburin Madrid na cin abinci, mai kujera takwas, kai da ba ka ci a gaban mutane. Madrid ɗin nan madobiya ce, Ardo, wadda kakanka ke hawa da adda a ƙarshen rani ya sassabo wa shanu ganye lokacin da ciyawa ta ƙare. Ita da kawo da maɗaci su ke riƙe garke kafin ruwa ya sauka. Da idonmu muka ga abin da aka yi mata a jihar nan daga wajen 2014. Garba Chede, Bali, Gassol, samari suka bar gona, wasu suka bar makaranta, kowa da injin sara a kafaɗa. Guntaye masu kusurwa huɗu jibge a bakin titi, jan ruwanta ya bushe a jikinsu, tireloli na loda su zuwa Legas, a sa a kwantena sai Sin, inda ake yin kujerun alfarma irin na gidajen sarautarsu na da. A 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka saka madobiya cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar shaida. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoto tana zargin gungume sama da miliyan 1.4 daga Najeriya, na kimanin dala miliyan 300, sun shiga Sin ta haramtacciyar hanya. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin takardu su iso, manyan bishiyoyin sun riga sun tafi, kututture aka bar wa makiyaya. In wani zai aika a kayar da wadda ta rage don tebur, bai kamata a ce Bafulatani ne ba.

A nan ne banso ya yi rana. Injin sara a kowace tsaga yana mayar da kusan santimita guda gari. Sakula tana cin wajen milimita 3. Siririn ruwan banso da kaɗan yake wuce milimita ɗaya. Guntun da wani zai jefa a murhu, kai za ka fitar da falle biyar ko shida a cikinsa. Gutsattsarin madobiya da maɗaci suna nan a wurin 'yan katako, rassa da ragowar da 'yan Madrid suka raina. Da su za ka yi tire, da akwatin Alƙur'ani, da firam, da marfin akwati mai fuska biyu iri ɗaya, in ka fere katako ka buɗe shi gida biyu. Tebur da gado kuwa ga malaina, ga itacen turare na Mambilla, duk shuka su aka yi, sai dai turare yana son haƙuri wajen bushewa, in an gaggauta shi yakan tsage ya murɗe. Kowane katako ka saya a kasuwa ka ɗauka ɗanye ne. Ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle iska ta ratsa, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Kujerar da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Yuli, hunturu na kamawa za ta buɗe baki.

Na san abin da za ka ce: me Babarbare ya sani a kan itace, mutanen rairayi, in ban da turaren wuta da burabusko? Je ka Maiduguri ka ga inuwa. Dalbejiyar da ta rufe garin ba gado muka yi ba, tun 1928 aka kawo ta Barno aka yi ta shukawa. Ku da Allah ya ba Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, da kurmin Ngel Nyaki, da dazukan Baissa, mu ne za mu koya muku tattalin itace, don mun san zafin rashinsa. Duk falle goma da ka yanka, ka sa yaro ya dasa maɗaci ɗaya a bayan gida.

Saura jikinka. Babbar riga ba ta shiga rumfar nan, haka rawani, haka carbin da ke lilo a wuyan hannu, haka safar hannu, duk abin da haƙori zai iya kamawa ya ja. Murfin ruwa ka sauke shi har ya kusa taɓa katako, kada ka bar tsirara sama da kwatan inci. Kada ka tura gungume mai mulmulalle haka kawai, zai mirgina ya fizgi hannunka. Sai an kafe shi a kan wani katako. Ka sa takunkumi, garin loko da na maɗaci suna tayar da asma. In yanka ya zo ƙarshe, ba da yatsa ake ƙarasa turawa ba, da sanda ake yi, ka ga sandar kiwonka ta samu aiki bayan shekara da shekaru a bayan ƙofa. In ka ji ruwa ya tsinke, kashe inji ka ja da baya, kada ka buɗe murfi sai wilin sama ya tsaya cik. Jikoki kuma a kulle musu ƙofa, a zare filogi a rataye sama.

Kada ka kunna shi sai na zo. A dama fura da kindirmo na gaske, ba wanda aka tsinka da ruwan Lamurde ba. Aikinka na farko allo ne na jikana, na itacen aduwa, a goge shi sumul, kuma kyauta, tunda ba a taɓa jin bawa ya caji ubangidansa ba. Yatsu goma na san ka da su, Ardo, goma nake so in ƙirga ranar da zan karɓi allon.